Gishirin Baba Sabis

Goggo Tela ba ta laluben aljihun mijinta. Abin da take yi kawai, in za ta jiƙa wanki, takan zazzage aljihu don kada takarda ta narke a ruwa, kuma a wurinta zazzagewa daban, lalube daban. To, a wajen zazzagewar ne, wata ranar Talata da hantsi, wani abu mai ɗan nauyi ya faɗo daga tsohon kwat ɗin Baba Sabis ya gangara ƙarƙashin kujera.

Ta durƙusa ta jawo shi. 'Yar kwalba ce ta farin tangaran, tsawonta bai wuce yatsa ba, da shuɗin layi a wuyanta da 'yan ramuka a ka, irin wadda ake ajiyewa a teburin otal don barbaɗa gishiri. Ta kai ta kusa da kunne ta girgiza. Caka-caka. Akwai abu a ciki.

Kafin ta juya ta a tafin hannu sai ta ji ƙarar ƙofar banɗaki, ta yi wuf ta mayar da kwalbar aljihu, ta rataye kwat ɗin a ƙusarsa. Ranar kwat bai ga ruwa ba.

Baba Sabis ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ɗakin cin abinci na wani babban otal, yana kai faranti tebur da farin tawul a hannu, aikin da ake ce wa sabis, har sunan aikin ya cinye na yanka. Ya yi ritaya da ƙafarsa lafiya lau. Sai bara, yana tsaye a ƙofar kicin yana ba ta labari, magana ta karkace a bakinsa, kofin shayi ya suɓuce daga hannunsa na hagu. Hawan jini ne. Allah ya taƙaita, baki ya dawo daidai, ƙafa ta taka, hannun hagun ne kaɗai ya rage da nauyi. Likitar da ta sallame su yarinya ce da ba ta kai autarsu ba, amma ba ta tauna magana. Ta ce ya riƙa tafiya a ƙasa, a kuma rage masa gishiri har ya kusa ɓacewa.

"Mama, in ya sake faɗuwa, ban yi miki alkawarin zai tashi ba," in ji ta.

Goggo Tela ba ta iya "kusa" ba. Mace ce da in ta ga ɗinki ya karkace kaɗan, sai ta farke rigar gaba ɗaya. Ranar da suka dawo gida ta tattara gishiri da kwanonsa da duk wani dunƙulen ɗanɗano ta miƙa wa maƙwabciya ta kan katanga. Tukunya ɗaya take ɗorawa, lami, ta ci ya ci. Shi kuwa kullum sai ya yi mita. Ya ce kifin nan kamar an dafa takarda, ya ce ko fursuna ana ɗan ji masa tausayi. A watan farko ma ta kama shi da ƙullin gishiri a cikin safa, aka yi ta ta ƙare. Ƙarshe ya rantse ya bari har abada, amma ya kafa nasa sharaɗin.

"Ke ma ki daina bina kamar yaron goye. Na ba ki maganata. Ran da kika sake laluben kayana, kin nuna maganar tawa ba ta kai komai ba ke nan."

Ita ma ta yi alkawari. Haka aka zauna da alkawari biyu a gida ɗaya.

Abin da ya dawo mata yanzu, tana tsaye da hannu a ruwan sabulu, shi ne 'yan watannin nan mitar ta ɗauke ɗif. Sai ya ɗauki farantinsa ya shige ƙaramin ɗakin baya, inda tsohon kekenta na ɗinki da akwatunan yara suke, ya turo ƙofa. In ya fito, faranti tas. Har ta buga wa autarsu waya tana murna, wai Babanku ya saba. Ashe ruwa ba ya tsami banza.

Da rana ta zuba masa abinci, ya shige, ya turo ƙofa. Ta cire takalmi ta laɓaɓa ta kasa kunne. Ta ji ya ja kujera. Ta ji ya ajiye cokali. Sai kuma caka-caka-caka, a hankali, irin na wanda ya san abin da yake yi.

Ta so ta banke ƙofar. Abu biyu suka riƙe ta: alkawarin nan, da tsoron kada faɗa ya sa jininsa ya hau ya faɗi a gabanta, ta zama ita ce sila. Sai ta koma falo ta zauna gaban sabon kekenta, ta kasa ko zura zare a allura. Duk makon nan ba ta jin abin da yake faɗa in yana magana, bakinsa kawai take kallo, ko gefe ɗaya ya fara sauka. Tsoro ne tsagwaronsa, irin na wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura.

"Wai me ke fuskata ne?" ya tambaye ta ran Alhamis.

"Tsufa," ta ce.

Ran Asabar ya saka kwat ɗinsa ya ce zai taka ƙafa, kamar yadda ya saba. Yana karya kwana ta yafa mayafi ta bi shi. A ganinta dai alkawarin a kan kaya ne, ba a ambaci titi ba. Ta ɗauka wani shagon abinci zai shiga. Sai ga shi ya hau motar haya, ita ma ta hau ta bayanta, har kasuwar gwanjo.

Bai tsaya wajen masu riguna ba, bai kalli masu tsofaffin rediyo da fankoki ba. Ya ratsa can ciki, inda ake baje tarkacen kicin a kan buhuna: murafan tukwane da ba su da tukwane, butocin shayi masu karyayyen hanci, cokula a ɗaure da roba. Mai rumfar wani gajere ne da tabarau ɗaure da zare. Goggo Tela ta laɓe a rumfar kusa, bayan tsofaffin labule, tana jujjuya ɗaya kamar mai saye.

"Baba Sabis, yau ka taki sa'a," in ji mai rumfar. "An kwashe kayan wani tsohon gidan abinci da aka rufe. Na ware maka naka."

Ya jawo kwali. Baba Sabis ya kife bokiti ya zauna, ya fara fito da su ɗaya-ɗaya. Duk 'yan kwalaben gishiri ne da na masoro, na gilashi, na katako, na tangaran. Kowace sai ya kife ta ya duba toshiyar ƙasa, ya ɗaga ta sama ya leƙa ramukan a haske, ya bi bakinta da farce ko akwai tsaga. Rabon da ta ga fuskarsa haka tun yana aiki.

"Wannan jiya aka yi ta, ji yadda ba ta da nauyi," ya ce, ya ture ta gefe. "Wannan kuwa ta sha hannu. Dubi inda fenti ya goge, nan babban yatsa ke zama. Ina 'yar'uwarta? Ba a raba su."

Mai rumfar ya tono ya samo. Da aka zo ciniki ya faɗi nasa kuɗin, Baba Sabis ya yi dariya.

"Ka san dokata. Kuɗin motar komawa gida, ba ƙari."

"Haba Baba, kullum kai sai kuɗin mota?"

"To ai kowa ya ci riba. Kai ka rabu da tarkace, ni na samu kaya, in na taka a ƙasa zuwa gida likita ta ji daɗi."

Har Goggo Tela ta fara jin sanyi a ranta. Sai ya ɗauko wata ta gilashi mai murfin ƙarfe, ya kife ta a tafin hannunsa ya bubbuga. Farin gishiri ya taru. Ya tsura masa ido, ya daɗe yana kallo, har ta ga maƙogwaronsa ya motsa. A daidai nan wani mai baro ya ratso tsakaninsu da lodin katifu, yana a ba shi hanya. Kafin katifun su wuce, tafin hannun Baba Sabis ya zama wayam.

Ba ta san lokacin da ta saki labulen ba. Ta hau mota ta riga shi gida. Ta ɗora shinkafa da kifi da alayyafo, tana yanka albasa tana hawaye, kuma ba na albasar ba ne. Ta yanke shawara: gara ya yi fushi da ita yana tsaye da ƙafarsa.

Ya dawo da zufa da fara'a, aljihun kwat ya yi tudu. Ya wanke hannu, ya ɗauki farantinsa, ya shige ɗakin baya. Ta jira har ta ji caka-caka ta farko, sannan ta tura ƙofar.

Abin da ta gani ya sa ta tsaya. Ya rufe kan tsohon keken da wani farin yadinta da ta daɗe tana nema, ya shimfiɗa shi sumul ba ko tattara. Faranti a tsakiya, cokali a dama, kofin ruwa a gaba, tawul a ninke. Tsohon kabad ɗin littattafan yara a buɗe, an jera 'yan kwalabe bibbiyu a ciki, ba su da yawa, ba su cika ko layi biyu ba. Shi kuma yana zaune da farar kwalbar nan a hannunsa na hagu, a kife a kan shinkafa.

"Ranki ya daɗe," ya ce. Haka yake ce mata in zai zolaye ta, da muryar da yake tarbar baƙin otal. Amma yau muryar ba ta fito da kyau ba.

"Ba ni, Malam."

Ya miƙa mata. Ta kife a tafin hannunta ta girgiza. Ƙara ta fito, amma ba abin da ya zubo. Ta girgiza da ƙarfi. Babu. Ta ce a ranta ai ya riga ya juye. Ta fizgi cokalinsa ta ɗebo daidai inda ya barbaɗa ta kai baki.

Lami. Kamar yadda ta sauke ta daga wuta.

Ta ɗebo ta gefe, ta tono ta ƙasa, ta gutsuri kifin. Duk lami. Tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa cin abin da ya yi mata daɗi kamar wannan shinkafa marar ɗanɗano ba. Ta zauna a kan akwati da cokalin a hannu. Nauyin da ta yi mako tana ɗauke da shi ya sauka gaba ɗaya, sai kuka ya zo, tana yi tana hamdala.

Baba Sabis ya miƙo hannu. Ya karɓi kwalbar, ya sa farce ya ɓalle toshiyar ƙasa, ya juye a kan farin yadin. 'Yan ƙwayoyin ɗanyar shinkafa suka gangaro.

"A otal," ya ce, "kullum da safe kafin baƙi su sauko, ni ke jera su. In goge, in busar, in jefa 'yan ƙwayoyin shinkafa a kowace don kada gishirin ya dunƙule in ya sha danshi, sannan in cika. Wannan ƙarar da mutane ke ji, ba gishiri ke yin ta ba. Gishiri ba shi da surutu. Shinkafar ce."

Ya fara tsince ƙwayoyin yana mayarwa, da hannun hagun, a hankali.

"Da farko na ɗauka harshena ne kaɗai ke wahala. Ashe har da hannu. In kin ajiye min faranti, sai hannun ya miƙa da kansa, ya rasa abin ɗauka, abincin ya fita raina tun ban ɗanɗana ba. Ran nan ina tafiyar da likita ta sa ni, na ga wannan a cikin tarkace, sak irin ta wurin aikinmu. Na saya don kallo. Sai na ce bari in gwada. Hannu ya yi aikinsa, kunne ya ji ƙararsa, harshe ya yi ƙorafi ya ga biyu sun rinjaye shi, ya haƙura."

"Sabo turken wawa," ta ce, tana share hanci da bakin mayafi.

"Wawan dai yana cinye abincinsa."

Ta yi dariya cikin hawaye. Sai kuma ta tuna, fuskarta ta sake ɗaurewa.

"Na tafin hannunka fa? Wanda ka zuba a kasuwa?"

Ya ɗago ya dube ta.

"Au. Har kasuwa?"

"Ni ban laluɓi kayanka ba. Zazzage aljihu na yi zan yi wanki."

"Ita kasuwar ma zazzage ta kika je yi?"

Ta gyara zaman mayafi. Shi kuwa ya yi dariyar da har ya dafa keke. Da ya nutsu ya ce, "Dubawa nake yi. In an bar tsohon gishiri a mai murfin ƙarfe, cinye murfin yake yi ta ciki, shi ya sa ban saye ta ba. Amma ba zan ɓoye miki ba, na kalle shi. Yawuna ya tsinke. Sai na tuna yadda na farka a asibiti na gan ki zaune da takalmi wari da wari. Na kakkaɓe shi a ƙasa."

Ita ba ta ma san ya lura da takalman ba. Ta sunkuyar da kai.

"To me ya hana ka faɗa min tun farko? Ka san abin da na gani a makon nan?"

"Matar da ta kori gishiri har da kwanonsa, ita zan shigo wa da gidajensa? Kuma ki dube ni. Tsoho da furfura yana barbaɗa iska a kan shinkafa. Kunya na ji."

Ta tashi ta matsa gaban kabad, don ba ta son ya ga idonta ya sake cikowa. Akwai biyu na katako masu kama da ganga, biyu na koren gilashi, waɗanda ya sayo yau masu zanen ganye, da wata kaza ta tangaran ita kaɗai a ƙarshen layi. Ya taso ya tsaya kusa da ita yana nuna mata yadda ake gane ta gishiri da ta masoro daga ramukan kai, da wadda ya samu a ƙasan kwandon cokula, da wadda ya bari sau biyu saboda mai ita ya ƙi kuɗin mota, ya koma ya tarar ta gaji da jira an sakar masa.

"Wannan fa, ina mijinta?" ta ce, ta ɗauki kazar.

"Zakaran nake nema. Mai rumfar ya ce in an kawo zai ajiye min."

"Duk ta yi dauɗa. Bari in jiƙa ta a ruwan zafi da sabulu."

Ya kama hannunta da sauri. "Ki rufa min asiri. Fentin nan a sama yake, ruwan zafi na taɓa shi za ki mayar min da ita farar kaza. Tsumma mai ɗan laima kawai."

"To ai shi ke nan. Amma ba za su zauna a nan cikin ƙura da akwatuna ba. Kabad ɗin gilashi na falo cike yake da farantan da ba wanda ya taɓa ci a ciki. Gobe zan kwashe layin sama." Ta dubi keken. "Yadina kuma na yafe, amma sai na kalmashe masa baki. Ba a shimfiɗa tebur da zare na reto."

Shinkafar ta riga ta huce, ba wanda ya damu. Ta je kicin ta ɗauko nata farantin, ta jawo akwati gaban keken ta zauna suna fuskantar juna. Rabon da su ci tare har ta manta. Ta ɗauki cokali, ta dubi abincin, irin wanda ta shekara tana ci ba ta taɓa cewa uffan ba. Shi ma ya dubi farantin nata, ya daɗe yana kallo, kamar yau ya fara ganinsa.

"Malam," ta ce, "miƙo min gishirin."

Bai miƙa ba. Ya tashi tsaye, ya gyara wuyan riga, ya ɗora tawul a hannun dama, ya zagayo gefenta ya ɗan rusuna. Ya ɗauki farar kwalbar da hannun hagu, ta lura hannun bai yi rawa ba.

"Kaɗan ko da yawa, ranki ya daɗe?"

"Zuba da yawa," ta ce. "Ni likita ba ta hana ni ba."

Ya yi ta girgizawa, caka-caka-caka, har sai da ta ɗaga hannu ta ce ya isa.